Garin Rage Ƙarfin Sukari, Madadin Sukari, ko Rage Cokali: Wanne Ya Dace da Kai?

Yayana tela ne a Kasuwar Barci, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ya hau keken ɗinki da safe bai sha shayi ba. Mai shayin bakin layinsu ya haddace ƙa'idarsa, ba sai ya buɗe baki ba: babban kofi, madara ta ji, sukari cokali uku, sai burodin da za a yanka masa a shafa bota. Kwanakin baya ya je asibiti saboda yawan kasala, aka ɗibi jininsa kafin ya karya, likita ya ce masa ciwon sukari bai kama shi ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne, idan an gwada mutum da safe bai ci komai ba, lambar da ke ƙasa da 100 lafiya ce, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, daga 126 zuwa sama kuma, in an maimaita gwajin aka sake samun haka, ciwon ya tabbata. Wasu na'urorin da wani ma'aunin suke ƙirga, a nan iyakokin su ne 5.6 da 7.0. Tasa lambar ta faɗa tsakiya.

Bayan mako biyu ya zo gidana da yamma, ya miƙo min wayarsa. Wani ne ya turo masa talla ta WhatsApp, ta wani farin gari mai suna arabinos da ake haɗawa da sukari, wai in ka zuba shi sai ka sha zaƙinka yadda ka saba, ba abin da zai hau jini.

"Ƙanina, kai da kake koyar da kimiyya, duba min wannan. In gaskiya ne in saya, don wallahi shayi ba sukari ba ya wuce min maƙogwaro."

Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu."

Abin da na gaya masa daga baya shi nake so in shimfiɗa a nan, domin na san akwai irinsa da yawa daga Rigasa zuwa Kawo. Garin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai ilimi a bayansa. Sai dai tsakanin abin da yake yi da abin da mai talla ya ce yana yi akwai tafiya mai nisa, kuma kafin mutum ya zaro kuɗinsa ya kamata ya ajiye shi kusa da sauran hanyoyin ya auna.

Farin sukarin da muke saya a kanti, na gari ne ko mai ƙwaya, sunansa a kimiyya sukuros. Kowace ƙwayarsa abu biyu ne a haɗe, gulukos da furuktos, rabi da rabi, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. Bangon hanji ba ya barin su wuce cikin jini a haɗe. Sai wani sinadari da ke manne a bangon ƙaramin hanji, mai suna sukures, ya kwance karkiyar tukuna. Da ya kwance, gulukos ya shige jini kai tsaye, shi ne kuma abin da na'urar gwaji ke ƙirgawa. Furuktos shi hanta yake fara nufa. Mai lafiya in ya sha sukari, lambar kan kai ƙololuwa tsakanin minti 30 zuwa awa ɗaya, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, ya kwashe, cikin awa biyu zuwa uku ta dawo inda take. Wanda ke bakin ƙofa irin Yaya, tashin ya fi tsawo, saukar kuma ta fi jinkiri. Shekara da shekaru ana haka, ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa su ke biyan bashin. Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon sukari Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ya san abin da nake nufi.

To garin da ke cikin tallar sunansa arabinos, kuma abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne asalin sunan. Daga ƙaro aka fara tsamo shi, wannan dai ƙaron da almajirai ke sa wa a tawada, masu wankin hula kuma suke ƙarfafa hula da shi, wanda ake tsinkowa a jikin ɗakwara a Barno da Yobe da Jigawa. Turawa suna danganta ƙaro da Larabawa, daga nan sunan ya fito. Yau masana'antu sun fi tatso shi daga totuwar masara da tukar wani tushe da ake yin sukari da shi a Turai. Kada wani ya ji haka ya kama taunar ƙaro, domin a cikin ƙaro arabinos ɗin a ɗaure yake cikin dogayen sarƙoƙi da ƙaramin hanjinmu ba ya iya warwarewa. Shi kansa arabinos wani nau'in sukari ne, zaƙinsa kusan rabin na farin sukari, kuma jiki ba ya samun wani ƙarfin kirki daga gare shi. Aikinsa shi ne ya maƙale wa sukures a daidai lokacin da ya kama ƙwayar sukari, ya rage masa sauri. Sukarin sai ya riƙa kwancewa a hankali, wani ma ya gangara ƙasan hanji ba a kwance shi ba. Masu bincike a Japan ne suka nuna haka a 1996.

Gwajin da aka fi ambata a kan mutane an yi shi a Jami'ar Kopanhagin da ke Denmak, aka wallafa a 2011. Maza 15 masu lafiya aka ba ruwa da aka narkar da giram 75 na sukari a ciki, wato kusan cokalin shayi 19, wata rana zalla, wata rana da arabinos. Da aka sa kashi 4 cikin 100 na nauyin sukarin, ƙololuwar gulukos a jini ta ragu da kashi 11 cikin 100, ta insulin kuma ta ragu da kashi 33 cikin 100, ta kuma makara kafin ta zo. Mu mayar da shi lissafin gida: wanda lambarsa za ta kai 140, sai ta tsaya wajen 125. Ragi ne na gaske, ba zan raina shi ba. Amma ka lura, an sare kan tudun ne kawai, tudun yana nan.

Abin da ba za ka gani a talla ba shi ne gwaji na biyu. A wannan jami'ar dai, aka wallafa a 2015, an ba maza 17 abinci sosai, burodi da kek da aka kwaɓa da arabinos, kashi 5 da kashi 10 cikin 100 bisa nauyi, wato fiye da na farkon. Ba a ga wani canji na a zo a gani ba, ko a gulukos ko a insulin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma a nan ne maganar ta shafi Yaya kai tsaye.

Na ɗauki biro na yi masa lissafin karin kumallonsa a bayan wata takardar awo. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne, uku sun zama 12. Rabinsu ne gulukos, giram 6 ke nan. Burodin fa? Farin burodi kusan rabin nauyinsa sitaci ne, sitaci kuwa gulukos ne zalla da aka jera kamar carbi. Yankan da mai shayi ke ba shi ba zai gaza giram 100 ba, wanda ke nufin gulukos wajen giram 45 zuwa 50. Sitacin nan ba ta hannun sukures kaɗai yake bi ba, wasu sinadaran daban ne ke fara narkar da shi tun daga miyau, kuma arabinos ba ya tare su yadda ya kamata. Ya tsaya yana kallon takardar, giram 6 a gefe guda, kusan 50 a ɗaya gefen.

"Ashe burodin ne ɓarawon," in ji shi.

Na ce, "Su biyu ne, Yaya, amma shi ne babba."

Haka abin yake ga tuwon shinkafa, da masa, da koko, da doya, da taliya. Arabinos mai gadin ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofa da yawa. Ba ruwansa da zuma, domin ƙudan zuma ya riga ya raba gulukos da furuktos tun a cikin amya. Yawancin sukarin da ke cikin dabino mai laushi shi ma a rabe yake. Akwai kuma wani abu da ya shafi girkinmu: tsami da zafi suna kwance sukuros tun a tukunya. In aka zuba sukari cikin zoɓo ko kunun tsamiya da zafinsa, ko aka bar shi ya daɗe a cikin abin sha mai tsami, wani kaso nasa ya riga ya rabu kafin ya isa baki, mai gadi kuma ba shi da abin tarewa a wannan kason. Inda arabinos ya fi nuna kansa shi ne inda aka gwada shi: farin sukari mai yawa, a cikin ruwa, an sha shi kaɗai. Ya kuma kamata a sani cewa waɗannan gwaje-gwajen na 'yan sa'o'i ne bayan sha ɗaya, a kan mutane ƙalilan masu lafiya. In aka cika shi, sukarin da bai narke ba yana isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su yi bidiri da shi, sai kumburin ciki da iska, wani har da zawo.

Na biyu da ake yawan haɗa shi da wannan a talla shi ne alulos, kuma a ganina ya fi na farkon ƙarfin hujja, in an yi amfani da shi ta hanyar da ta dace. Shi ma sukari ne na halitta, ana samun ɗan kaɗan a ɓaure da busasshen inabi da alkama. Ɗan'uwan furuktos ne na jini, bambancinsu ɗan juyi ne a wuri ɗaya, amma wannan ɗan juyin ya sa jiki ba ya iya ƙona shi. Kusan kashi 70 cikin 100 yana shiga jini ya fita ta fitsari kamar yadda ya shiga. Farfesa Ken Izumori na Jami'ar Kagawa a Japan shi ya gano sinadarin da ke mayar da furuktos alulos a shekarun 1990, daga nan aka samu damar yin sa da yawa. Zaƙinsa kashi 70 cikin 100 na farin sukari ne, ƙarfin da yake ba jiki kuma kusan ɗaya bisa goma. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda kada a lissafa shi cikin sukari a jikin kwalin abinci. Tarayyar Turai kuwa ta ɗauke shi sabon abinci da sai ya samu izini na musamman kafin a sayar.

An gwada shi a matsayin ƙari a kan sukari, kamar arabinos. A wani bincike daga Filorida a Amurka da aka wallafa a 2021, mutum 30 marasa ciwon sukari sun sha giram 50 na sukari tare da alulos giram 2.5 ko 5 ko 7.5 ko 10. Gwargwadon yawan da aka ƙara, gwargwadon saukar lambar a minti 30. Amma nan ma ragin matsakaici ne, kuma dubi yawan da ake bukata: giram 10 a kan 50, ɗaya bisa biyar, alhali arabinos ɗaya bisa 25 ya ishe shi. A matsayin ƙari, alulos ya fi cin kuɗi. Ƙarfinsa na gaske yana wani wajen. Shi za ka iya cire sukarin gaba ɗaya ka sa shi a madadinsa, ɗanɗanonsa kuma yana kusa da na sukari ƙwarai, ba ɗaci a bayan harshe. Wanda ya zuba arabinos a kan cokali uku har yanzu ya sha cokali uku. Wanda ya sa alulos a maimakonsu bai sha ko ɗaya ba. Mata masu yin cincin da kek za su ji daɗinsa don yana ba ƙullu jiki kamar sukari, sai dai yana saurin yin ja, dole a rage wuta. Iyakarsa ciki ne. Wani gwaji a Koriya ta Kudu a 2018 ya nuna kada a wuce giram 0.4 a kan kowane kilo na nauyin mutum a zama ɗaya. Mai kilo 70 ke nan ya tsaya ƙasa da giram 28, kimanin cokali 7. Babbar matsalarsa a wajenmu ita ce daga waje ake kawo shi, da dala ake sayo shi, kuma ba abu ne da za ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka ce a auna maka mudu ba.

Masu zaƙi da ba sa ba jiki ƙarfi, irin su sitibiya da sukuralos da asfatem da sakarin, su ne suka fi sauƙin samu a manyan kantuna da kemis, kuma su ne mafi araha in aka yi la'akari da ɗan abin da ake sawa. Sitibiya daga ganyen wani tsiro na ƙasar Faraguwai take, zaƙinta ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300, sukuralos kuma kusan sau 600. Su kansu ba sa ɗaga sukarin jini. Amma ba sa rage ƙarfin sukarin da aka haɗa su da shi, madadi ne kawai. Abu biyu nake ja wa mutane kunne a kansu. Saboda ɗan ƙanƙanin abu ake bukata, kamfanoni kan cika ƙunshin da wani gari, sau da yawa maltodekstirin ko dekstiros, waɗanda su kuma gulukos ne da wani suna, don haka a karanta bayan kwali. Sannan a watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, ko da yake ta ce shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Yaya ya gwada sitibiya sau biyu ya ce tana bar masa ɗaci kamar ya tauna ganye. Mutane da yawa haka suke cewa, wasu kuma suna sabawa cikin mako guda.

Sai abin da kowa ke fara kawowa a majalisa in an ce wane ya kamu da sukari: "Ka bar na Bature, ka koma zuma da mazarƙwaila." Ina girmama zuma, kuma na san matsayinta a wajenmu, amma kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, wanda ya riga ya rabu yana jiran shiga jini. Tashin da take sa wa bai kai na farin sukari ba da ɗan kaɗan, sai dai cokalinta ya fi nauyi, mutane kuma sukan zuba ta da sakin hannu don sun ɗauke ta magani. Ba a kuma ba jaririn da bai shekara ba. Mazarƙwailar da ake kawowa daga wajen Maƙarfi ruwan rake ne aka dafa ya daskare, mafi yawanta sukuros ɗin nan ne dai, da ɗan ƙarfe da gishirin jiki da ba su kai su canja lissafi ba. Wanda ya bar farin sukari ya koma mata don tsoron ciwon sukari ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Dabino ya ɗan fi su don yana da ɓawo da zare masu rage saurin narkewa, ƙwaya biyu ko uku a shan ruwa ba su zama damuwa ga yawancin mutane ba, amma busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, ba abin ci da faranti ba ne.

Akwai abin da ya kamata mai sha'awar arabinos ya sani: dabarar da yake aiki da ita likitoci sun riga sun mayar da ita magani tun tuni. Sunansa akarbos, kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi da sunan Glucobay, Amurka ta amince da shi a 1995. Shi ba ƙofa ɗaya yake tsarewa ba, yana rage narkewar sukuros da sitaci duka, wato har burodin Yaya. An san adadin da ake sha, an gwada shi a kan dubban masu ciwon, an san illarsa, wadda ita ma iska ce da kumburin ciki. Likita ne ke rubuta shi. Wanda matsalarsa ta kai yana bukatar a tare masa sukari a hanji, maganarsa ta asibiti ce, ko Barau Dikko ko Shika ko duk inda yake ganin likita, ba ta mai talla a waya ba.

A nan ne hankalina ya fi tashi, don ba Yaya kaɗai ne a gidanmu ba. Umma ta shekara da yawa da ciwon, tana shan gilibenkilamid, maganin da ke sa jiki ya saki insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Masu shan irinsa da masu allurar insulin haɗarinsu ba hawan sukari kaɗai ba ne, har da faɗuwarsa. Na taɓa iske ta a kan darduma bayan azahar, ta jinkirta cin abinci, gumi ya jiƙe mata goshi, hannunta na rawa, tana magana kamar mai jin barci. In lambar ta sauka ƙasa da 70, abin da ake yi shi ne a ba mutum giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, kusan cokali huɗu a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa. Ranar sukarin gwangwanin kicin ne ya dawo mana da ita. Yanzu ka ɗauka an cika wannan gwangwanin da alulos ko sitibiya, jika ya ruga ya kaɗa mata a kofi. Ba abin da zai shiga jininta. In kuma sukari mai arabinos ne, zai shiga amma da jinkiri, a lokacin da kowane minti ke da daraja. Wannan dalilin ne ya sa ake gaya wa masu shan akarbos su riƙa ajiye gulukos zalla, ba farin sukari ba. Don haka duk gidan da ke da mai allurar insulin ko mai shan irin maganin Umma, in za a shigo da ɗaya daga cikin waɗannan, a ware masa mazubi daban a rubuta a jiki, a kuma ajiye garin gulukos inda kowa ya sani, har yara.

Da Yaya ya kawo mata maganar garin, cewa ta yi, "Ni dai ku bar ni da abin da likitana ya sani." Ta fi mu gaskiya.

Hanya ta ƙarshe ba a tallarta don ba mai cin riba a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, kusan giram 50 ko cokali 12 ga baligi, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da wajen giram 10 a kowace mililita 100, wato babbar roba ɗaya ta cinye kason yini. Harajin Naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Ka kwatanta da kanka: arabinos ya sare kashi 11 cikin 100 na ƙololuwa a mafi kyawun yanayi, amma wanda ya sauko daga cokali uku zuwa ɗaya ya zubar da kashi biyu cikin uku na sukarin kofin, gulukos da furuktos duka, haƙoransa ma sun huta, bai kashe ko kwabo ba. Harshe kuma yana sabawa in an bi shi a hankali, rabin cokali duk mako. A kan wannan akwai dabaru biyu da bincike ya tabbatar kuma suke aiki a kan sitaci ma: fara cin abin da ke da nama ko ƙwai ko wake ko ganye kafin a kai ga burodi ko tuwo, da yin tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan an ci, domin tsokar da ke motsi tana zuƙe gulukos daga jini.

In aka tambaye ni zaɓi, da tambaya nake farawa: ta ina sukarinka yake shigowa? In kai mai shayi ne sau uku ko huɗu a yini, mai zaƙi, ba tare da wani abinci ba, irin direbobi da masu gadi da masu tsaron shago, to kai ne wanda arabinos zai ɗan yi wa aiki, amma madadi ya fi maka, alulos in aljihu zai ɗauka, sitibiya ko sukuralos in harshe zai ɗauka. In kuwa yawancin abincinka burodi ne da shinkafa da masa da koko, kamar mafi yawanmu, kuɗin garin asara ne, gyaran yana cikin faranti. Mai yin kayan fulawa don gidan da ke da mai ciwon, alulos ne kaɗai a cikinsu zai ba ta abin da take so, tana sane cewa fulawar kanta sitaci ce. Mai juna biyu, da yaro, da mai shan maganin sukari, kada su fara komai sai da sanin likita, kuma kada wanda ya rage maganinsa don ya sayi gari. Duk abin da za a saya, a duba lambar NAFDAC, a duba jerin abin da ke ciki, a ga an rubuta yawan arabinos ko alulos ɗin ƙarara. Farin gari a leda ba suna ba adireshi, ba ka da hanyar sanin ko sukari ne zalla aka sayar maka da tsada.

Kuɗin da Yaya ya ware don garin, na'urar gwajin sukari muka saya da su a wani kemis da ke kan titin Ahmadu Bello, da kwalin tsinken gwaji. Na nuna masa yadda zai yi: ya wanke hannu da sabulu ya bushe, don ɗan zaƙin da ya rage a yatsa yana iya ɗaga lambar, ya huda gefen yatsa ba tsakiya ba, ya gwada kafin ya karya, ya sake bayan awa ɗaya, ya sake bayan awa biyu. Ya canja abu ɗaya tak a kowace safiya, ya maimaita kowane canji sau biyu ko uku, ya rubuta. Ga mai lafiya, bayan awa biyu lambar kan kasance ƙasa da 140, masu ciwon kuma yawanci ana so su tsaya ƙasa da 180. A bayan littafin da yake rubuta awon kwastomomi ya ja layi ya buɗe shafi.

Shekaranjiya na biya ta shagonsa da safe. Mai shayi ya miƙo masa kofi da cokali ɗaya a ciki, ƙwai biyu soyayye, da rabin burodin da ya saba. Ƙwan ya fara ci. Da ya gama ya ce wa yaronsa ya kula da shago, ya ɗauki wata babbar riga da ya gama aikinta jiya ya saɓa a kafaɗa, ya ce da ƙafa zai kai wa mai ita cikin Tudun Wada.

"Taho mu je," in ji shi, "minti goma sha biyar ne zuwa da dawowa."